BABA, A ƊAUKE MASAƘAR NAN KAFIN BAƘI SU ZO

 

Ranar Talata bayan Asuba wani dattijo daga cikin masu sahun farko ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso. Masaƙi ne. Ubansa masaƙi, kakansa ma haka. A ƙofar gidansa yake aiki, duk mai wucewa yana ganin zaren a miƙe har gindin darbejiya inda kunkuru yake, yana jin ƙarar ƙoshiya tun hantsi. Ya ce, "Malam, ɗana zai yi aure. Dangin yarinyar za su zo ganin gida ranar Asabar. Ya ce in kwance masaƙar in shigar da ita ciki, in an tambaya a ce noma nake yi. To ina noman ma da damina. In na yi haka na yi ƙarya?"

Na nemi izininsa kafin na rubuta wannan, ya ce in rubuta amma kada in kama suna.

Na ce masa, "Baba, kada ka kwance." Kalmar noma gaskiya ce a bakinka, amma an shirya ta ne don mutane su fahimci abin da ba shi ba, kuma a kan aure, inda suka zo takanas don su san wa za su ba 'yarsu. Wannan algus ne. Kuma auren da aka ɗaura a kan ɓoye uba, ran da asiri ya tonu yarinyar ce za ta fara jin an yaudare ta. Fatawar ke nan, gajeriya ce. Abin da ya hana ni barci shi ne yaron, wanda da kuɗin gwado da luru aka biya masa makaranta har ya yi digiri. Ta yaya aka yi ya wayi gari yana ganin wannan abin kunya ne?

Ban ɗora masa laifin duka ba. Bai ƙirƙiro tsoron da kansa ba, a bakinmu ya ji. Mu ne muke cewa wane ai ɗan wanzamai ne, wane jinin mahauta ne, wane gidan masaƙa ne, sai a juya kai. Abin takaici, wani lokaci har da rigar malanta ake yin wannan. Akwai wata ruwaya da take yawo a wasu littattafan fiƙihu, mai nuna cewa masaƙi da mai ƙaho ba tsarar sauran mutane ba ne wajen aure. Ibn Hajar ya kawo ta a Bulugul Maram, kuma a nan take ya faɗi cewa Abu Hatim ya ce munkara ce. Dab da ita ya kawo wadda ta fi ta ƙarfi: Annabi (SAW) ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hind, su kuma auri nasa, alhali Abu Hind ƙaho yake yi. Gaskiya ne wasu malaman mazhabobi sun sa sana'a cikin kafa'a, bisa al'adar garuruwansu. Amma mu da muke karanta Risala da Mukhtasar, mashhurin mazhabar Malik shi ne a duba addini da kuɓuta daga aibin da ake mayar da aure saboda shi. Saƙa ba ta ciki.

Ku buɗe Sahihul Bukhari, Kitabul Buyu'. Akwai babi sukutum a kan masaƙi. A ciki Sahl bin Sa'ad yake ba da labarin wata mata da ta kawo wa Annabi (SAW) mayafi, ta ce da hannunta ta saƙa domin ta tufatar da shi. Ya karɓa yana mai buƙata, ya fito wa sahabbai yana ɗaure da shi. Wani mutum ya roƙa, ya ba shi. Da mutane suka yi wa mai roƙon faɗa, sai ya ce yana so ne ya zama likkafaninsa, kuma haka aka yi. Ku tsaya a nan kaɗan. Mafificin halitta ya sa saƙar hannu a jikinsa, kuma yana buƙatarta. Wane ne ni, wane ne kai, da za mu ga mai wannan aiki bai isa surukinmu ba?

Imamul Gazali a Ihya'u ya lissafa saƙa tare da noma da ɗinki da ƙaho cikin farillan kifaya, wato idan gari ya rasa mai yi gaba ɗaya, kowa ya shiga laifi. Shi kansa masu tarihi sun ambata cewa mahaifinsa kaɗin ulu yake yi yana sayarwa a Ɗus. Dalili a fili yake, suturce al'aura sharaɗi ne na sallah, mamaci kuma ba a kai shi sai da likkafani. Kakanninmu da farin saƙa aka rufe su.

Wanda bai taɓa zama kusa da masaƙi ba yana ɗauka abu ne na hannu ɗaya. Gida guda ne yake yin sa. Mata su gurje auduga su cire angurya, su yi shiɓa, su zauna da mazari da alli suna kaɗi, zaren tsaye daban, abawa daban. Yara su naɗe a kwarkwaro. Uba ya yi wadari, ya zura zare ɗaya bayan ɗaya a allira da masefi, sannan ya zauna ƙafa na taka, hannu na jifa. Abin da zai fito siririn ƙyalle ne, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, sai an haɗa da yawa a ɗinke kafin a sami zane ɗaya. Daga nan marina, daga nan mabuga. Da wannan siririn ƙyallen Kano ta yi suna. Bature Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafinta suke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura har yau Buzaye sun san darajarsa. Shi ya sa idan na karanta aya ta 92 a Suratun Nahli, inda Allah Ya buga misalin mai warware alƙawari da matar da take warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi, nakan ce kakanninmu mata sun fi mu jin zafin misalin nan, domin sun san kwana nawa ake yi kafin mazari ya cika.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce dole ɗa ya zauna a masaƙa ba. Shari'a ba ta wajabta gadon sana'a ba, kuma dattijon da bakinsa ya gaya mini cinikin ba ya riƙe gida yanzu. Masaƙun zamani na Kaduna da Kano da suka fara danne saƙar hannu su ma yawancinsu sun rufe, yadin waje da gwanjo sun cika kasuwa. Ni mai wannan rubutun, rigar da na hau mumbari da ita ranar Juma'a ba a ƙasar nan aka saƙa ta ba, don haka da kaina na fara. Yaro ya yi aikin ofis, Allah Ya yi albarka. Amma barin sana'a daban, jin kunyar mai ita daban. Na farko halal ne. Na biyu yana taɓa haƙƙin iyaye, kuma uban da aka ce ya ɓoye abin da ya ci da kai da shi, an gaya masa maganar da ta fi tsaki ciwo, ko da cikin ladabi aka faɗa.

Na tambayi Baba ko akwai wanda ya koya a gidan. Ya ce cikin 'ya'yansa maza biyar babu, sai wani jika ɗan shekara 11 da yake zama kusa da shi bayan Islamiyya, har ya fara iya ƙulla zare in ya tsinke. Uwar yaron kuma tana korarsa, wai kada ya saba. Ga masu irin wannan gida ina roƙo, ku bar yaron ya koya. Ba zai hana shi boko ba, ba zai hana shi allo ba. Abin da ke hannun tsohon nan ba a rubuce yake ba, ran da aka ɗauke shi zuwa makwanci da shi za a tafi.

Jiya na zauna da angon. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce shi ba ubansa yake ƙi ba, kawun yarinyar yake tsoro, mutum ne mai son a ce. Na ce masa ranar Asabar zan zo in zauna a ƙofar gidan tare da Baba, a kan tabarmar da ke gefen masaƙar, baƙin su same mu a nan. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ku sa su a addu'a.