HAKKIN DABBAR DA KE CIKIN KEJI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya aiko wa wannan fili. Ya ce ya saya wa ɗansa wasu 'yan dabbobi guda biyu da ake kira degu, tare da kejinsu. Da fari yaron ba ya rabuwa da su, amma da aka yi 'yan watanni sai marmari ya wuce, keji ya fara wari, uwar gida ta fara ƙorafi. Shi ne yake tambaya ko ya halatta tun asali a tsare dabba a keji, da yadda zai tsabtace kejin ba tare da ya cuci dabbar ko iyalinsa ba, sa'an nan kuma ko zai iya buɗe musu ƙofa su shiga daji kowa ya huta.

Watakila wani ya ce wannan ƙaramar magana ce wadda ba ta kai a ɓata mata takarda ba. To, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin wannan tambaya akwai wata babbar mas'ala, watau mene ne yake hawa kan mutum idan ya mallaki rai wanda ba ya iya magana, ba ya iya kai ƙara, ba ya kuma iya gudu?

Bari mu fara da sanin dabbar, domin hukunci a kan abu yana bayan saninsa ne. Degu ɗan ƙaramin dabba ne mai gwaguya, bai kai gafiya girma ba, nauyinsa tsakanin giram 170 ne zuwa 300. Asalinsa ƙasar Chile ce a Amurka ta Kudu, a filayen ƙananan itatuwa da ke gindin duwatsun Andes, kuma wani masani ɗan ƙasar mai suna Juan Ignacio Molina ya bayyana shi a rubuce tun shekarar 1782. A ido ya yi kama da ɓera, amma ta wajen dangantaka ya fi kusa da ɓeran Masar. Da rana yake harkarsa, a ramuka yake zama ƙungiya-ƙungiya, kaɗaici kuwa yana cutar da shi ƙwarai. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, saboda haka dole ya riƙa samun busasshiyar ciyawa da itace yana gwaguya. Jikinsa ba ya iya sarrafa zaƙi, har ma ɗan abin da mu muke gani kyauta ce, kamar dabino ko zabibi, yana iya jawo masa ciwon sukari da yanar ido. A hannun mutane yakan yi shekara 6 zuwa 8. Wanda ya saye shi, ashe, ya ɗauki nauyin da zai fi marmarin yaro daɗewa nesa ba kusa ba.

Game da halaccin tsarewa, malamai sun kafa hujja da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake yi wa alkunya da Abu Umairu. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sani bai hana ba, da tsuntsun ya mutu ma sai ya tambayi yaron labarinsa don ya lallashe shi. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idodi wajen sittin daga wannan hadisi guda, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a cikin Fathul Bari, daga cikinsu akwai halaccin ajiye tsuntsu a keji. Wasu malamai kuwa sun ƙyamaci tsare tsuntsu don jin daɗi kawai, suna ganin babu wata bukata da ta kai a hana shi sararin da aka halicce shi dominsa. Ko da mun bi masu halattawa, ya kamata mu riƙa tunawa da wannan ƙyama, domin tana nuna mana cewa izinin da aka ba mu yana tafe da sharaɗi.

Sharaɗin yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta da kanta ba. A lura da kyau, an bar wa matar nan ƙofa biyu, ko ta ɗauki nauyi ko ta saki, ita kuwa ta rufe dukansu.

To, a nan ne mas'alar ɗan'uwanmu ta bambanta. Kyanwa in an sake ta a cikin gari za ta iya ciyar da kanta. Degu kuwa an haife shi a keji, an kawo kakanninsa daga wata nahiya, bai san ramin da zai shiga ba, bai san abin da zai kama shi ba. Sakinsa a dajin Ingila kisa ne da aka sa wa rigar 'yanci, ga shi kuma dokar kare namun daji ta ƙasar, ta shekarar 1981, ta hana sakin dabbar da ba 'yar ƙasa ba. Saboda haka ƙofar saki ta rufe. Abin da ya rage shi ne ya riƙe su da kyautatawa, ko kuwa ya miƙa su, su biyun tare, ga wanda ya tabbata zai riƙe su. Ƙa'idar da nake so mu riƙe ita ce, gwargwadon yadda ka raba rai da dabararsa, gwargwadon haka nauyinsa yake ƙaruwa a wuyanka. A daji degu yakan bar wurin da ya ƙazantu ya koma wani. A keji kuwa yana kwana a inda ya yi fitsari, sai ranar da mai shi ya tuna.

Kada a ɗauka hakkin dabba ya tsaya ga ci da sha. Shehin malami Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 660 ta Hijira, daidai da 1262, ya jera hakkokin dabbobi a kan masu su a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya kuwa sa gyara makwancinsu a cikin jerin, tare da ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwo har ba a amfana da su. Likitocin dabbobi na wannan zamani sun bayyana mana dalili. Fitsarin da ya daɗe a cikin shimfiɗa yana fitar da iskar amoniya, ita ce warin nan mai hawa kai, tana kuwa ƙona hanyar numfashin dabba. Mu da muke tsaye muna jin kaɗan ne mu wuce, shi kuwa hancinsa yana dab da ita dare da rana. Shimfiɗa mai danshi kuma tana sa gyambo a tafin ƙafa. In uwar gida ta fara jin wari daga ɗaki, to, dabbar ta daɗe tana shan wahala.

Sai dai akwai wani kuskure na biyu, wanda masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa a ciki. Mutum zai ga keji ya yi datti, kunya ta kama shi, sai ya ɗauko bilic da sabulu mai turare da maganin feshi, ya wanke komai har ya yi ƙamshi irin wanda hancinsa yake so. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Bilic idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana fitar da iska mai guba, haka kuma idan aka gauraya shi da ruwan khal, wannan guba kuwa ba ta bar mai wankin ba balle dabbar. Turare mai ƙarfi yana damun huhunta. Dusar katako mai mai da ƙamshi, irin ta itacen al'ul, tana cutar da numfashinta da hantarta. Har ila yau degu da ƙanshin jiki yake gane gidansa da ɗan'uwansa, in aka share wannan ƙanshi gaba ɗaya sai su firgita, wani lokaci har abokan zama su kama faɗa. Wanka da ruwa ma ba nasa ba ne, a cikin rairayi mai laushi yake birgima ya tsabtace gashinsa.

Wannan yana koya mana cewa ihsani ba ya cika sai da ilmi. Kalmar a Larabci tana ɗauke da ma'ana biyu, kyautata wa wani da kuma kyautata aikin kansa, wanda ya riƙi ta farko ya bar ta biyu yana iya cutarwa alhali yana zaton lada yake samu. Ma'aunin kyautatawa kuwa shi ne bukatar wanda ake kyautata wa. Wanda ya wanke keji don hancin baƙinsa kaɗai, kansa ya yi wa aiki.

Ga yadda aikin yake. Kowace rana a kwashe wurin da ya jiƙe da ragowar ɗanyen abinci, a sake ruwan sha. Sau ɗaya a mako, ko a mako biyu in kejin babba ne, a yi babban wanki. A fara da kwashe dabbobin tare a sa su cikin wani akwati da ba za su iya hudawa ba, a ɗauke su da tafin hannu biyu. Kada a kuskura a kama degu ta wutsiya, domin fatar wutsiyar tana saɓulewa, abin da ya tafi kuma ba ya sake tsirowa. A buɗe tagogi, a sa safar hannu, a ɗan yayyafa ruwa a kan tsohuwar shimfiɗa don kada ƙura ta tashi, amma kafin nan a ware tafi ɗaya na busasshiyarta a ajiye. A wanke keji da ruwan zafi da sabulu marar turare. Inda fitsari ya kama ya yi fari, a jiƙa da farin ruwan khal da aka surka da ruwa, a goge. A ɗauraye sosai, a bari ya bushe sarai, allunan katako su ma a kankare su a shanya, in sun sha fitsari da yawa a sauya. In ciwo ya auku har ya zama dole a yi amfani da bilic, to, sai bayan an gama wankewa da sabulu an ɗauraye, a surka shi, kada a haɗa shi da komai, kada kuma a mayar da dabba sai warinsa ya tafi ƙaf. Daga nan a zuba sabuwar shimfiɗa ta takarda ko wata marar ƙura, a barbaɗa tsohuwar nan da aka ware don su gane gidansu, a tankaɗe rairayin wankansu ko a sauya shi.

Iyali ma suna da nasu hakki. Dabbobi masu gwaguya suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela ba tare da sun nuna alama ba. Saboda haka kada a wanke kayan keji a inda ake wanke kwanonin abinci, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, mace mai ciki da yaran da ba su kai shekara 5 ba su bar wannan aiki ga wasu. Ya fi dacewa kuma a yi shi da tufafin da ba na salla ba, don fita daga shakka.

Na san akwai mai cewa, mutane suna kwana da yunwa, kai kuwa Malam kana maganar makwancin ɗan ɓera. Gaskiya ne hakkin ɗan Adam yana gaba, kuma wanda maƙwabcinsa yake cikin yunwa ya fi kyau ya yi tunani tun kafin ya sayi keji. Amma wanda ya riga ya saya, yunwar maƙwabci ba ta sauke masa nauyin abin da ya kulle da hannunsa. Tausayi kuma ba ya ƙarewa don an yi wa ƙarami, ƙaruwa ma yake yi. Mun san labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a cikin huffinsa, babu wanda ya gan shi, karen kuma ba shi da abin da zai saka masa da shi. Aikin da ake yi wa wanda ba zai yi godiya ba, ba zai kuma yi ƙara ba, shi ne ya fi nuna gaskiyar halin mutum.

Shawarata ga mai tambaya ita ce, ya san cewa nauyin a kansa yake, tun da shi ne baligi, shi ya biya kuɗi. Amma kada ya ɗauke wa yaron aikin ɗungum. Ya sa masa rana, su tsuguna tare, yaro yana zuba ruwa da ciyawa, uba yana wanki. Yaron da ya ga an yar da dabba ranar da ya gaji da ita ya koyi wani darasi game da alkawari, wanda kuma ya ga ubansa yana kankare allo da hannunsa ya koyi wani dabam. Hukuncin nan kuwa ɗaya ne ga mai tantabaru da mai zomaye da mai aku a cikinmu, kowa ya leƙa nasa kejin kafin ya kwanta yau.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan na ƙasa da su, Ya yafe mana abin da muka tauye na hakkin bayinSa masu magana da marasa magana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.