RUWA DAGA DUTSE: ABIN DA MUKA KOYA A BAKIN MAƁUƁƁUGAR MUSA



A Lahadi na uku na Azumi, a shekarar da ake karanta labarin matar Samariya, Ikilisiya takan fara da Littafin Fitowa sura 17, inda Isra'ilawa suka yi wa Musa gunaguni saboda ƙishirwa. Mun daɗe muna jin wannan karatu muna ganin laifin mutanen nan, har ranar da muka bi hanyar hamada da kanmu a ƙasar Jodan, tare da ayarin masu ziyarar ibada. Daga Amman zuwa Petra tafiyar kimanin awa uku ce a mota. Kafin mu kai rabin hanya ruwan gorunanmu ya yi zafi, masu waƙoƙin yabo sun yi shiru, wasu kuma sun fara tambayar wanda ya tsara tafiyar dalilin da ya sa bai yi tanadi ba. Abin da Isra'ilawa suka yi cikin shekara 40, mun soma shi cikin awa biyu.

A mashigar garin Wadi Musa, daf da bakin titi, akwai wani ɗan gini mai ƙubba uku. A cikinsa akwai dutse, ruwa kuma yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, mai sanyi, mai tsabta. Mutanen wurin suna kiransa Ain Musa, wato Maɓuɓɓugar Musa, domin tun kakanninsu ake cewa nan ne Annabi Musa ya bugi dutse. Littafin Ƙidaya sura 20 ya sa abin a Kadesh, saboda haka abin da ake faɗa a Wadi Musa al'adar baka ce, ba ƙa'idar bangaskiya ba. Duk da haka, wanda ya sa hannu cikin wannan ruwa bayan ya ratsa ƙasar da ba ciyawa, ya fahimci dalilin da ya sa mutane suka ɗaura sunan annabi a kansa.

Abu na farko da muka lura da shi: babu mai tsaron ƙofa da yake tambayar addininka ko ƙabilarka. Mazauna garin Musulmi ne, su ma suna girmama Annabi Musa. Direban babbar mota ya tsaya ya cika jarkarsa, wata dattijuwa ta cika tata, mu baƙi muka bi layi a bayansu. Sai muka tuna da rijiyoyi da famfunan burtsatse na ƙauyukanmu, inda wani lokaci akan sa kwado, a ce wannan na 'yan cocinmu ne, ko na unguwarmu, makiyayi kuma ya nemi nasa a gaba. A bakin rijiya ne Ubangijinmu ya roƙi ruwa a hannun macen da mutanensa ba sa shan ruwa da ƙoƙon mutanenta. Idan Ikilisiyarmu tana da rijiya, bari ta zama a buɗe, domin ba mu ne muka halicci abin da yake cikinta ba.

Abu na biyu mun gan shi a Petra. Ana shiga tsohon birnin ta wani matsatsin kwazazzabo mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, duwatsu ja sun tashi dama da hagu har sun kusa rufe sama. A jikin bangon dutsen akwai magudanan ruwa da mutanen Nabatiya suka sassaƙa shekaru kusan 2,000 da suka wuce, wasu da bututun yumɓu, domin su kai ruwan Ain Musa cikin birni. Da wannan dabara suka rayar da dubban mutane a tsakiyar hamada. A shekara ta 363 girgizar ƙasa ta rushe gine-gine da yawa, ta lalata hanyoyin ruwan, birnin kuma ya yi ta raguwa har aka watse. Yau magudanan a bushe suke, maɓuɓɓugar kuwa tana nan tana gudana.

'Yan'uwa, mu ne magudanan nan: firistoci, katekis, iyaye, shugabannin zumuntar mata da na matasa. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa dutsen da ya shayar da Isra'ila Kristi ne. Alherinsa ba ya ƙafewa, amma idan magudana ta toshe da gaba, da hassada, da cin amanar kuɗin baiko, waɗanda suke ƙasa da mu ne za su kwana da ƙishi.

Abu na uku ya fi tsoratar da mu masu riƙe da sanda. A Kadesh, Allah ya umarci Musa ya yi wa dutsen magana. Musa ya gaji da gunagunin jama'a, ya tsauta musu, ya yi magana kamar shi da Haruna ne za su fito da ruwan, ya bugi dutsen sau biyu. Ruwa ya fito, gama Allah bai hana jama'arsa sha saboda kuskuren shugabansu ba. Amma Musa bai shiga ƙasar alkawari ba, sai dai ya hange ta daga Dutsen Nebo, inda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tsaya ya yi addu'a a shekara ta 2000. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo. Sau nawa muka bugi 'ya'yanmu da mabiyanmu da harshe a wurin da magana mai laushi ta isa? Sau nawa muka karɓi yabon aikin da Allah ne ya yi?

Saboda haka kafin Ista, kowannenmu ya share magudanarsa. Wanda ya daɗe bai je furta zunubi ba, ya je. Wanda ya yi shekara ba ya gaisawa da ɗan'uwansa, ya fara kai gaisuwa. Majalisar kowace Ikilisiya ta duba ko akwai wanda ake korar sa daga bakin ruwanta. Mu kuma riƙa yin addu'a domin masu shirin baftisma, waɗanda za a kai bakin ruwan rai a daren Ista, kada su iske mu mun tsare musu hanya.

Ubangiji ya shayar da mu daga alherinsa, ya sa mu shayar da waɗansu. Amin.