Fasinja A Kan Kaya: Wa Ke Ɗauke Da Alhakin Jininsa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kaduna, ko wadda ta ratsa Mokwa da Jebba ta nufi Ikko, ya san motocin kaya da kan wuce da mutane zaune bisa buhunan albasa, ko bisa katakon da aka gitta a saman shanu. Da yawa daga cikinsu na ƙananan 'yan kasuwa ne masu mota biyu ko uku, waɗanda suka saye su domin dako, suka kuma gargaɗi direbobinsu kada su ɗauki kowa. Direba kuwa da ya bar gari sai ya tsaya ya kwashi mutane, ya karɓi abin da ya samu. In an tambaye shi sai ya ce taimako ne, talaka ba shi da kuɗin bas. To, ran da motar ta kife, wa Shari'a za ta tambaya?

A wurin malaman fiƙihu, direba ɗan ƙodago ne, mota kuwa amana ce a hannunsa. Ƙa'idarsu ita ce amintacce ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi, watau ya ƙetare iyakar da aka yi masa, ko kuwa ya yi sakaci. Direban da aka hana shi ɗaukar fasinja ya ɗauka ya ƙetare iyaka, saboda haka ɓarnar da ta auku ta dalilin wannan tana wuyansa. Kuɗin da ya karɓa ma ba su halatta gare shi ba, domin ya sayar da amfanin abin da bai mallaka ba. Tausayi hali ne na yabo, amma ba a yin sadaka da dukiyar wani. Sai dai fa in ya tarar da mai rauni yashe a gefen hanya, nan ceton rai ya wajaba, kuma wanda ya tsaya ceton rai ba ya cinikin kuɗin mota.

Batun jini ya fi na dukiya nauyi. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo cikin Risala cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta suna lamunce abin da ta taka. A kan irin wannan asali ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai cikin 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba ne ke ɗaukar abin da motarsa ta halaka. Ba a ɗauke masa sai in abu ne da ya fi ƙarfinsa, ko wanda ya cutu shi ya jawo, ko laifin na wani ne dabam.

Irin wannan kisa galibi na kuskure ne, kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Diyya a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, dangin mai kisan na wajen uba su biya cikin shekara uku. Kaffara kuwa a wannan zamani azumin wata biyu ne a jere, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da tasa. Direban da ya ɗora mutum talatin bisa kaya sai ya lissafa wannan kafin ya lissafa ribarsa.

Mai mota fa? Malamai sun bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi. In ya hana da gaske, motarsa kuma lafiyayya ce, to jinin ba ya kansa. In kuwa ya hana da baki alhali ya sani ya kau da kai, ko yana karɓar kasonsa, lalle ya yi tarayya cikin zunubin. In ya saki mota da mataccen birki ko suɗaɗɗiyar taya, ya zama sanadi, rabonsa na lamuni yana nan gwargwadon sakacinsa. Haka wanda ya tura direba tafiyar kwanaki da guzurin da ba ya isa, ya san inda cikon zai fito. Takardar inshora na iya biyan kuɗi a inda sharuɗɗanta suka kai, amma ba ta yi wa kowa azumi.

Shi ma fasinja ba a bar shi ba. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, domin ransa ajiya ce a wurinsa. Yardarsa da hawa kan kaya ba ta halatta wa direba abin da aka hana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan gwama mutane da kaya ko dabbobi, kuma yi wa hukuma biyayya cikin abin da ke kare rayuka addini ne.

Abin da ya kamaci mai mota shi ne ya rubuta sharaɗi a gaban shaidu, ya ambaci waɗanda aka yarda su shiga, kamar yaron mota da mai kaya ko wakilinsa, a gidan gaba kuma daidai yawan kujeru. Ya biya direba hakkinsa cikakke da guzurin da zai ishe shi, ya gyara motarsa, ya riƙa bincikawa a tashoshi. Direba kuwa ya tuna cewa ubangidansa ba ya ganinsa bayan Kwanar Dangora, amma Wanda ya halicci rayukan da ke bisa kayan yana ganinsa.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, amin.