Ko Adalci Ne A Auna Tsohon Mawaƙi Da Ƙuruciyarsa?

Kwanakin baya na shiga mota daga Funtuwa za ni Malumfashi, sai direba ya sa mana waƙar marigayi Alhaji Mamman Shata. Ba mu kai Bakori ba gardama ta kaure tsakanin wasu dattawa biyu da ke zaune a gabana. Ɗaya ya ce, "Yaro, canja mana wannan. Ai Shatan ƙarshe ne, murya ta riga ta kwanta. Shata na gaske shi ne na zamanin faifan garmaho." Ɗayan ya ce, "Haba Alhaji! Ai a nan ne magana ta nuna. Wancan ƙarfi ne, wannan kuwa hankali." Ni dai ban sa baki ba, don ba a yi wa manya katsalandan, amma tun daga ranar tambayar take cina: shin adalci ne a ɗauki aikin mutum na tsufa a ɗora shi kan sikeli ɗaya da na ƙuruciyarsa?

Wannan gardama har a ƙasashen Turawa ana yin ta, musamman game da mawaƙansu na kiɗan rok. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila an kafa ta a 1962, kuma ta fitar da sabon faifai a 2023, lokacin da jagoranta Mick Jagger ya cika shekara 80, amma in sun hau dandali waƙoƙin da ne jama'a ke ihun a yi musu. David Bowie kuwa ya fitar da faifansa na ƙarshe a watan Janairun 2016, kwana biyu kafin rasuwarsa, masu sharhi da yawa suka sa shi cikin mafi kyawun ayyukansa. Wato su ma ba su raba gardamar ba.

To, mu dawo gida. Abu na farko da ya kamata mu tambayi wancan dattijo shi ne, wane Shata yake nufi da na ƙuruciya? An haifi Shata a Musawa wajen 1923. Ya fara waƙa ne a dandali yana saurayi mai tallan goro, kuma yawancin waƙoƙin wancan lokaci sun bi iska, don ba wanda ya ɗauke su. Sa'ad da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, Shata ya doshi arba'in. Waƙoƙin da ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da wadda ya yi wa kumbon Apollo da ya je duniyar wata a 1969, duk magidanci ne ya yi su, ba yaro ba. Ashe ke nan ƙuruciyar da ake kuka da tafiyarta ta mai sauraro ce. Manomin ƙasar Funtuwa da Malumfashi da ya kai audugarsa kasuwa a shekarun nan, ya karɓi kuɗinsa, ya sayi keke da akwatin rediyo, ya yi aure da kaka, muryar Shata ce ta raka shi cikin duk wannan. In yau ya ce waƙar baya ba ta kai ta da daɗi ba, rabin abin da ya rasa yana cikin gwiwoyinsa da aljihunsa.

Amma kada mu fake da wannan mu ce tsufa ba ya rage kome. Yana ragewa ƙwarai. Mawaƙin baka ba ya zama ya rubuta ya goge. A tsaye yake ƙaga waƙa, kalangu na tafiya, 'yan amshi na jiran ya sauke su ɗauka, saboda haka numfashi da hanzarin harshe su ne jarinsa, kamar yadda ƙarfin dantse yake ga mai huɗa. In numfashi ya gajarta, dole ɗa ya gajarta, amshi ya yawaita. Wanda ya ce bai ji wannan bambanci ba kara yake yi.

Sai dai akwai abin da shekaru ke ƙarawa, kuma Bakandamiya ce ta fi nuna shi. Kowa ya san waƙa ce ta kirarin kai, Shata ya yi ta rera ta shekaru da dama, ba ya maimaita ta daidai, yau ya ƙara gobe ya rage. In mai jini a jika ya yi wa kansa kirari, da'awa ce yake yi, ana iya cewa bari mu gani. In kuwa mai furfura ya yi kirarin nan ɗin, bayan ya zaga ƙasashe, ya binne abokan hamayya da iyayengiji da yawa, to maganar ta tashi daga cika baki ta koma shaida. Kalmomi na iya zama ɗaya, nauyinsu ya bambanta. Ina ganin abin da dattijo na biyu ke nufi ke nan da cewa magana ta nuna. Manoma sun san gero ke fara isowa ya fid da mutane daga yunwar damina, dawa kuwa sai ta sha raɓar kaka kafin ta cika rumbu, kuma ban taɓa jin wanda ya zagi dawa don ba ta yi saurin gero ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne wani laifin da mu Hausawa muka fi faɗawa, wato kara. Turawa suna iya yi wa tsohon mawaƙinsu kaca-kaca a jarida, abin har ya zama rashin kunya. Mu kuma da zarar mutum ya manyanta sai mu ɗauke masa suka ɗungurungum. Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1988, kuma duk ya cancanta. Amma ɗalibi nawa ne a cikinmu zai iya tsayawa gaban malamansa ya ce waƙa kaza ta Dakta Shata ba ta yi armashi ba? A ganina cikin yabon da ya yi wa masu hannu da shuni a shekarunsa na baya akwai waɗanda tsohon ƙira ne kawai aka zuba wa sabon suna. Faɗin haka ba raini ba ne. Mawaƙin da aka daina yi wa gyara an daina sauraronsa ke nan, an mai da shi kayan tarihi tun yana raye, kuma ban ga girmamawa a cikin wannan ba.

Sa'an nan in an zo rabon laifi, mu ma masu sauraro a ba mu kasonmu. Wa ke liƙa kuɗi a wurin biki? Mu ne. Me muke cewa a yi mana? Wadda muka saba ji. Haka matan Funtuwa da na sauran garuruwa suka riƙa neman sanannun waƙoƙin amada wurin Hajiya Barmani Choge har zuwa rasuwarta a 2013. Mu ne ke ɗaure mawaƙi a turken jiya da kuɗinmu, mu dawo muna cewa ya kasa kawo sabon abu. Mawaƙi kuwa yana da iyali, da makaɗa, da 'yan amshi, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Shata ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Yaran da ke tasowa yanzu suna jin waƙoƙinsa a waya a cakuɗe, ta 1968 na bin ta 1995, ba su san wadda ta riga wata ba, sai dai su ce wannan ta yi daɗi, waccan ba ta kai ba. Wataƙila hukuncinsu ya fi namu tsabta, ko da yake sun rasa sanin zamanin da ya haifi kowace waƙa, wanda shi ma rashi ne babba.

Direba dai bai canja waƙar ba. Muka isa tashar Malumfashi dattawan nan ba su daidaita ba, na farkon ya sauka yana gyara babbar rigarsa, yana bin amshin a hankali.