KO ƘARAMIN AIBI SAI NA FAƊA? DARASI DAGA CINIKIN WANI TSOHON BAYIS



Ranar Talata bayan mun idar da La'asar, wani matashi ya tsaya yana jirana a ƙofar masallaci. Na san shi, na kuma san yayansa, mai walda a nan Baure, wanda Allah Ya yi wa rasuwa kwanakin baya. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da ɗan bashi. Dangi suka ɗora wa wannan ƙanen nasa nauyin sayar da kayan shago, a biya bashi, a raba abin da ya rage.

Ya ce: "Allah gafarta Malam, injin walda da janareta duk sun tafi. Saura bayis, shi ya hana ni barci."

Ga wanda bai sani ba, bayis shi ne ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗaurewa a kan teburin aiki, mai baki biyu. Ana murza hannunsa ya matse ƙarfe, a yanka ko a goga. Nasu tsohon ƙirar Ingila ne, Record, irin wanda masu sana'a ke nema ido rufe.

Na ce to mene ne matsalar? Ya ce leɓen bakinsa ɗaya ya ɗan ɓantare, wannan kowa yana gani. Amma can ƙasa akwai wata 'yar tsaga da marigayi ya taɓa yi wa walda, baƙin mai ya rufe ta. Wani dillali ya ba shi shawara ya wanke, ya shafa fenti, ya kai kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wai ai ba ƙarya ya yi ba, shiru kawai ya yi. In ya yi haka zai samu kamar naira 45,000, in ya faɗa kuwa za a rage sosai.

Sai ya dube ni ya ce: "Malam, kuɗin marayu ne fa. Kuma tsagar ƙarama ce."

Wallahi na tausaya masa, domin ba don aljihunsa yake tambaya ba. Amma ga abin da na gaya masa, na kuma ga ya dace in kawo shi nan saboda dukkanmu muna sayar da kayan hannu: waya, babur, keken ɗinki, firji.

NA FARKO: SHIRU MA ALGUS NE

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara tsibi, sai ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Ku lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba. Bai rantse ba. Mai kyau ya sa a sama, ya yi shiru. Fentin da dillali ke magana shi ne wannan busasshen hatsin na sama.

NA BIYU: WA KE CEWA AIBI ƘARAMI NE?

Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala ɗin da muka tashi muka ga iyayenmu suna karantawa a zaure, ya ba da ma'auni a babin ciniki wanda ya kashe gardama. Ma'anar maganarsa ita ce: duk abin da in ka faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko zai rage kuɗi, to bai halatta ka ɓoye shi ba. Na ce da matashin: "Ɗan'uwa, kai da bakinka ka ce in ka faɗa za a rage. To ka ga ka riga ka ba kanka fatawa."

Duk da haka ban tsaya nan ba. Abin da muka karanto a jami'a hukunci ne. Sanin girman aibi kuwa malaman fiƙihu da kansu ga masu sana'a suke mayar da shi. Sai muka je wurin wani dattijon bakanike da ke sahun gaba a masallacinmu. Na ce: "Baba, a duba mana."

Ya murza hannun ya buɗe bakin har ƙarshe, ya rufe, ya ce zaren lafiya lau. Leɓen da ya ɓantare ba komai ba ne, noti ke riƙe da shi, ana cirewa a sa wani. Da ya zo kan tsagar sai ya shafa kalanzir, ya goge, ya barbaɗa alli. Jim kaɗan layin ya fito fili. Ya ce irin wannan bayis ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwashewa, karyewa yake yi. Walda ba ta kama shi da sauƙi kamar sauran ƙarfe. Ga aiki marar nauyi zai yi shekaru, amma ranar da wani ya zura bututu a hannun don ƙara ƙarfin matsi, ko ya dinga dukansa da babbar guduma, zai iya ɓallewa da aiki a bakinsa.

Kun gani ko? Aibin da ido ke gani shi ne ƙarami. Wanda ake so a rufe da fenti shi ne zai iya sauka a ƙafar ɗan wani.

NA UKU: "DUBA DA KYAU, IN KA SAYA BA DAWOWA" BA TA WADATAR BA

Wannan kalma ta cika kasuwanninmu. Shehu Halil a Mukhtasar ɗinsa ya nuna cewa wanda ya san aibi wajibi ne ya ambace shi, ya siffanta shi ko ya nuna wurin, kada ya dunƙule magana. Cewa "ka san dai tsohon kaya ne" alhali ka san ainihin inda ciwon yake, wayo ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, in mai saye ya gano tsohon aibi yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma kayan ya lalace ta dalilin aibin da aka ɓoye masa da gangan, asarar tana kan wanda ya ɓoye, zai dawo da kuɗin duka. To ina gatan da aka yi wa marayu a nan?

NA HUƊU: YAYA ZA A SA FARASHI?

Shari'a ba ta ce ka karyar da kayanka ba. Ba ta kuma yanke wa riba iyaka ba. A Bukhari, Annabi (SAW) ya ba Urwa Albariƙi (RA) dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Sharaɗin dai shi ne yarda da juna, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta nuna. Wanda bai san abin da ya saya ba kuwa, da me ya yarda?

Hanyar malamai mai sauƙi ce. A tambayi masana nawa kayan yake in lafiyayye ne, nawa yake da aibinsa. Bambancin shi ne kuɗin aibi. Baba ya ce irinsa lafiyayye 45,000, da tsagar nan 36,000. Wato kashi ɗaya cikin biyar ya fita. In kana shakkar farashi, kira wanda ka sani a Ƙofar Ruwa a Kano ka ji yadda sabo da na hannu ke tafiya.

Sannan ka faɗi alherin kayanka da ƙarfinka, wannan haƙƙinka ne, kuma haƙƙin marayu ne a kanka: ƙirar Ingila ne, zarensa garau, ba ya girgiɗi. Ka tsaya a kan farashinka, ka ce albarka in an taya ƙasa. Abin da ba ka da shi shi ne "wallahi ɗazu an taya min kaza" alhali ba wanda ya taya. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana tafiyar da haja, tana kuma goge albarka.

GAME DA MARAYU

Allah Ya hana a kusanci dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau. Mafi kyau ba ta nufin mafi yawa ko ta halin ƙaƙa. Hakim ɗan Hizam (RA) ya ruwaito cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe ta. Na ce da shi: "Dubu tara za ka ƙara musu, ka zare albarkar dubu talatin da shida. Kuma da wannan kuɗin za ka biya bashin mamaci, wanda ke kabari yana jiran a sauke masa nauyi."

Jiya ya zo ya ce ya sayar wa wani yaro da maigidansa ya yaye kwanan nan, mai gyaran babura. Ya kifa bayis ɗin ya ɗora masa yatsa a kan tsagar kafin a yi maganar kuɗi. Suka daidaita a 35,000. Ba zan ce muku washegari ya tsinci kuɗi a hanya ba. Dubu goma dai ba ta shigo ba. Amma in ya haɗu da yaron nan a sahu ɗaya, ba zai sunkuyar da kai ba.

'Yan'uwa, kowa ya duba abin da ya sa a kasuwa yau. Wayar da batirinta ke kumbura, babur ɗin da aka taɓa buɗe wa inji, ragon da ke tari da dare. Ka faɗa kafin a tambaye ka.

Allah Ya jiƙan marigayi, Ya raya abin da ya bari, Ya tsarkake mana abin da muke ci. Wallahu a'alam.