Hukuncin Ɓoye Aibin Taya Wajen Musayar Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san garin Wudil ya san abu biyu ne suka ɗaukaka sunansa wajen fatauci: kasuwar shanu da ke ci ran Juma'a, da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ƙetare gadar kogin garin. Motocin haya da na kaya ba su yankewa a wannan hanya, saboda haka cinikin tsofaffin motoci ya zama ruwan dare. Sau da yawa mutum yakan kai tsohuwar motarsa wurin dillali, ya cika kuɗi, ya karɓi wadda ta fi ta. Tambayar da takan taso ita ce, in ɗaya daga cikin tayoyin tsohuwar motar ta lalace, kuma lalacewar ba ta bayyana ga ido, wajibi ne mai motar ya faɗa, ko kuwa ya isa ya ce wa mai saye ya duba da kansa?

Da farko dai, musayar mota da mota tare da cikon kuɗi halal ce in an yi ta hannu da hannu, domin mota ba ta cikin kayan da riba ke shiga musayarsu kamar zinariya da azurfa da abinci. Amma musaya ciniki ce cikakkiya. Wanda ya kawo tsohuwar mota mai sayarwa ne, ko da yake yana ganin kansa mai saye, kuma duk abin da shari'a ta ɗora wa mai sayarwa ya hau kansa.

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, ya hana muminai cin dukiyar junansu da ɓarna, ya halatta fataucin da aka yi bisa yardar juna, sa'an nan a ƙarshen ayar ya hana su kashe kansu. Yarda kuwa ba ta tabbata sai da sani. Wanda ya amince da mota yana zaton tayoyinta huɗu lafiyayyu ne, alhali ɗaya ta kusa fashewa, abin da ya amince da shi dabam ne da abin da aka miƙa masa.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Manzon Allah ya zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. Mutumin nan bai furta ƙarya da bakinsa ba, jera kayan kawai ya yi yadda aibin zai ɓuya. Daidai yake da wanda ya juya kumburarren gefen taya ya fuskanci cikin mota, ko ya shafe tsagar taya da baƙin mai, ko ya sa aka sake yanka zane a kan tayar da ta suɗe.

Akwai wani labari da ya fi kusa da wannan mas'ala, wanda Imamu Ahmad da Hakim suka ruwaito. Wani mutum ya sayi taguwa a gidan sahabi Wasila ɗan Aska'u. Da ya fita da ita, sai Wasila ya bi shi da sauri, ya tambaye shi ko an bayyana masa abin da ke jikinta, da kuma ko don yanka ya saye ta ko don tafiya. Mutumin ya ce aikin Hajji zai tafi a kanta. Wasila ya gaya masa akwai rauni a tafin ƙafarta. Mai taguwar ya yi fushi don an ɓata masa ciniki, amma Wasila ya amsa da abin da ya ji daga Manzon Allah, watau bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa, kuma wajibi ne a kan duk wanda ya san da shi. Taya ita ce ƙafar mota. Har wa yau labarin ya nuna cewa dillali da bakanike da mai faci, in sun san aibin, shirunsu ba zai kuɓutar da su ba.

Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Kano kamar Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halil, sun warware hukuncin. Tilas mai sayarwa ya ambaci aibin da ya sani dalla-dalla. Bai isa ya dunƙule magana ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota ce, ka saya yadda ka gan ta" ba. Sai ya ce, "Tayar baya ta hagu ta kumbura ta ciki, an kuma yi mata faci sau biyu." In ya ɓoye, mai saye yana da zaɓi ran da ya gane: ko ya riƙe motar, ko ya mayar ya karɓi abinsa. In kuwa abin da aka sayar ya halaka saboda aibin da aka ɓoye da gangan, asarar tana kan wanda ya ɓoye. Amma aibin da mai saye ya gani da idonsa ya yarda, ba shi da ikon mayarwa saboda shi. Fataken shanu na Wudil ba su rasa sanin irin wannan hukunci ba, domin Manzon Allah ya hana a tara nono a hantsar dabba don a ruɗi mai saye, ya kuma ba wanda aka ruɗa ikon mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino.

Wani zai ce taya ɗaya ƙaramin abu ce in an gwada ta da kuɗin mota. Ta wajen kuɗi haka ne, amma aibin taya ya shafi rai. Kumburi a gefen taya alama ce zaren da ke riƙe da ita ya tsinke, kuma faci ba ya gyara wannan. In mota ta ɗauki kaya ta yi gudu a kan kwalta mai zafi, a nan tayar za ta fashe, wataƙila da fasinjoji cike, waɗanda ba su san da cinikin ba balle su yarda da shi. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikko a 2008, tayoyin ƙasashen waje suka cika kasuwa, har da na gwanjo masu kyan gani da tsufa a ɓoye. Ya kamata mai saye ya san cewa tayoyin da aka ƙera daga shekarar 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu a gefensu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Duba wannan hankali ne, sai dai sakacin mai saye ba ya halatta wa mai sayarwa yin shiru.

Hanyar tsira mai sauƙi ce. Ko dai mai mota ya canza tayar kafin ya kai ta musaya, ko ya nuna aibin a rage masa kuɗi gwargwado. Wanda kuwa ya riga ya sayar ya ɓoye, sai ya gaggauta neman mai motar ya sanar da shi tun kafin tayar ta fashe, ya biya shi bambancin, sa'an nan ya nemi gafarar Allah, gama tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa masu ciniki biyu, in suka yi gaskiya suka bayyana, akan sa albarka a cinikinsu, in kuwa suka yi ƙarya suka ɓoye, akan shafe albarkar.

Allah ya tsarkake dukiyar Musulmi daga haram, ya kiyaye matafiya, ya sa a cika da imani. Amin. Allah shi ne masani.