DARASI: Tagomashin Mai Taimakon Tsofaffi

Karatu: Rut 2:1-17, Littafin Firistoci 19:32, 1 Timoti 5:1-8.

Rut baƙuwa ce a Baitalami, 'yar Mowab, mijinta kuwa ya rasu. Ba ta da gona, ba ta da dangi, sai surukarta Na'omi, tsohuwa wadda ta binne miji da 'ya'ya biyu. Domin ta ciyad da ita, Rut ta fita kala a lokacin girbin sha'ir. Bo'aza mai gona ya ba ta abinci, ya kuma umarci barorinsa su riƙa zubar mata da zangarku da gangan. Me ya sa? Gama labarin abin da ta yi wa Na'omi ya riga ta isa kunnensa. Daga baya ya aure ta, jikan ɗanta kuwa shi ne sarki Dawuda.

Ku lura, 'yan'uwa, mutane su kan auna halin yaro ta wurin yadda ya ke riƙon tsoho. Wanda aka ga ya sauke wa tsohuwa kaya a kasuwar Gombe, shi a kan tuna da shi ran neman mata ko ran neman wanda za a ba amana. Hausawa su kan ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tun 1996, sa'ad da Gombe ta zama babban birnin jiha, samari da yawa sun baro Kaltungo da Billiri domin aiki. Iyayen da suka bari 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka fara jin bishara a ƙasar Tangale tun 1917. Waɗansu kuma suna nan kusa da mu, a Bolari da Tudun Wada, ba mai ɗebo musu ruwa.

Amma a yi hankali. Na'omi ba ta da abin biya, Rut kuwa ba ta san Bo'aza zai ji ba. Wanda ya ke yi wa tsoho mai dukiya hidima yana hangen gādo, ciniki ya ke yi. Tagomashi ya kan bi bayan ƙauna, ba ya shiga gabanta.

Tambayoyi:
1. Wane tsoho ne ya daina zuwa sujada cikin ikilisiyarku? Wa ya je ya gaishe shi?
2. Da ba mai gani, za ka taimake shi?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar girmama furfura, ko ana gani ko ba a gani. Amin.